Shin da gaske 'yan wasan hoki na ƙanƙara mutane ne masu sauƙin kai?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na ga bidiyon 'yan wasan hoki na ƙanƙara a Kanada da Amurka suna jefar da safar hannu suna naushin juna a tsakiyar fili, alƙalan wasa na tsaye suna kallo. Sai kuma na ji ana cewa a cikin manyan 'yan wasa babu masu mutunci da sauƙin kai kamarsu. Ta yaya waɗannan abubuwa biyu za su haɗu, kuma yaya ainihin rayuwarsu take a wajen fili?"

Ɗan'uwa mai tambaya, abin da ka gani a bidiyo gaskiya ne, abin da ka ji kuma ba tatsuniya ba ce. A iya fahimtata, bayan shekarun da na yi ina bibiyar wannan wasa tun daga filayen yara na unguwa har zuwa NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, tushen abubuwan nan biyu ɗaya ne. Wasa ne da ake renon yaro a cikinsa a kan cewa shi ba kowa ba ne sai da ƙungiya, kada ya ɗaga kansa sama da abokansa, kada ya yi ƙorafi, kuma kada ya nuna yana jin ciwo. Wannan tarbiyya ita ke fitar da mutanen kirkin da ake yabo, ita ce kuma ke sa wasunsu su haɗiye abin da ke cin su har ya kai su ƙasa.

Sai an san yadda wasan yake kafin a gane halin masu yin sa. Fili ne na daskararriyar ƙanƙara mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26, an kewaye shi da katanga da gilashi. Kowace ƙungiya tana shigar da mutum 20 cikin kayan wasa, amma shida ne kawai ke fili lokaci guda, har da gola. Takalmansu suna da ƙarfe mai kaifi a ƙasa, abin da suke bugawa da sanda kuwa faifan baƙar roba ne mai tauri wanda nauyinsa ya kai kimanin giram 170, ana daskarar da shi kafin wasa, kuma idan ƙaƙƙarfa ya make shi yana iya gudun kilomita 160 a awa. Ana yin minti 60, kashi uku na minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kimanin daƙiƙa 45 a fili sai ya garzaya benci wani ya tsallako ya maye gurbinsa, wasa na ci gaba ba a tsayar ba.

Ma'anar wannan ita ce, gwanin gwanaye ma yana shafe mafi yawan wasan a zaune, yana haki, yana kallon abokan da ba su kai shi iyawa ba suna riƙe masa da ƙungiya. Connor McDavid na Edmonton Oilers, wanda mutane da yawa ke ɗauka babu kamarsa a zamaninsa, abin da yake bugawa bai wuce kaɗan bisa kashi ɗaya cikin uku na mintocin wasa ba, kuma duk da ƙwarewarsa ya kai wasan ƙarshe a 2024 da 2025 ya sha kashi duka biyun a hannun Florida Panthers. Wanda ya tashi a irin wannan tsari da wuya ya yarda cewa shi kaɗai ne ya ci wasa, domin ya san ba haka ba ne. Shi ya sa al'adunsu da yawa suka ginu a kan girmama wanda ya daɗe yana wahala. A 2001, da Colorado Avalanche ta ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, aka miƙa wa kyaftin Joe Sakic kofin, wanda bisa al'ada shi ne zai fara ɗaga shi sama ya zagaya fili. Bai ɗaga ba. Ya juya nan take ya miƙa wa Ray Bourque, mai shekara 40, wanda ya yi kakar wasa 22 yana neman kofin nan bai taɓa samu ba. Haka kuma duk lokacin da aka kammala zagaye a wasannin fidda gwani, bayan an yi wasa har sau bakwai ana gwara juna da bango, sai ƙungiyoyin biyu su jeru su gaisa hannu da hannu, mutum bayan mutum, har kociyoyi, wani da ɗinki a leɓe yana musabaha da wanda ya fasa masa bakin.

Dalili na biyu yana gida. Yaro ba ya iya ɗaukar kansa ya tafi filin hoki. Dole wani babba ya sayi kayan, ya biya kuɗin fili, ya kai shi, ya jira shi. Lokutan atisayen yara sukan faɗa da sassafe, domin lokacin ne filin ke da sarari. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin canza kayan yara a wani ƙaramin gari na Kanada da ƙarfe shida na safe a watan Janairu ya ga abin da nake nufi: gari bai waye ba, sanyi na ratsa ƙashi, uba ya durƙusa a gaban ɗansa ya ɗora takalmin a kan cinyarsa yana jan igiyar da iyakar ƙarfinsa, domin hannun yaro ɗan shekara bakwai ba ya iya ɗaure ta yadda ya kamata, uwa kuma na zaune a kan benci mai sanyi ta lulluɓa da bargo tana riƙe da kofin shayi, daga nan kuma aiki za ta wuce. Ana yin haka shekara da shekaru. Walter, mahaifin Wayne Gretzky, ɗaya daga cikin manyan taurarin tarihin wasan, ma'aikacin kamfanin tarho ne a garin Brantford, kuma shi ke malala ruwa a bayan gida duk hunturu ya daskare ya zama filin da ɗansa ya koyi wasa. Carey Price, tsohon golan Montreal Canadiens, ya tashi a Anahim Lake cikin lardin British Columbia, inda filin gasa mafi kusa yake Williams Lake, tafiyar kimanin kilomita 320. Mahaifinsa ya yi ta kai shi a mota yana dawo da shi, daga baya ya sayi ɗan ƙaramin tsohon jirgin sama domin rage wahalar hanya. Mutumin da ya san an yi masa irin wannan hidima, ko ya zama attajiri, yana tafe da nauyin bashi a zuciyarsa.

Idan yaro ya yi fice, yana ɗan shekara 16 wata ƙungiyar matasa za ta zaɓe shi, sau da yawa a garin da ke ɗaruruwan kilomitoci daga gida. A nan sai wani iyali su karɓe shi, kusan yadda muke ba da riƙon yaro ga wanda muka amince wa: ya samu ɗaki a gidansu, ya ci daga tukunyarsu, ya bi dokar gidan, ya je makaranta da safe, ya yi atisaye da rana. Da yawansu har tsufa suna kiran matar gidan uwa. Ƙungiyoyin nan kuma a bas suke yawo, musamman a yammacin Kanada inda gari da gari ke da nisa, a yi tafiyar awa goma cikin dusar ƙanƙara a buga wasa a juyo cikin dare.

Wannan ya sa abin da ya faru ranar 6 ga Afrilu, 2018 ya girgiza Kanada baki ɗaya. Ƙungiyar matasa ta Humboldt Broncos, daga wani gari mai mutum kusan dubu shida a lardin Saskatchewan, tana kan hanyar zuwa Nipawin domin wasa, sai wata tirela ta ƙi tsayawa a mararraba ta shiga gaban bas ɗinsu. Mutum 16 suka rasu, 13 suka ji rauni. Cikin mamatan akwai 'yan wasa goma, da babban koci, da direba, da mai sharhin rediyo, da budurwar da ke kula da raunukan 'yan wasa. A kwanakin da suka biyo baya mutane a faɗin ƙasar, har da wasu ƙasashe, suka riƙa jingine sandunan hoki a bakin ƙofofin gidajensu domin nuna alhini, kuma aka tara gudummawar da ta haura dalar Kanada miliyan 15. Ɗaya daga cikin yaran, Logan Boulet mai shekara 21, ya riga ya sa hannu a takardar ba da sassan jikinsa idan ya rasu, kuma mutum shida suka amfana. Labarinsa ya sa dubun-dubatar 'yan ƙasar suka yi rajistar irin wannan. Manyan taurarin NHL da yawa sun kasa riƙe hawaye a makon, domin kusan kowannensu ya yi shekaru yana barci a kujerar irin wannan bas.

Batun kuɗi kuma yana buƙatar bayani, domin mutane kan ɗauka duk wanda ya zama ƙwararre ya haye. A zamanin da, 'yan wasan NHL ma'aikata ne kamar kowa, suna neman aikin yi idan kaka ta ƙare. Maurice Richard, babban gwarzon Montreal, aikin injiniyan ƙarfe ya koya, kuma ranar 28 ga Disamba, 1944 ya wuni yana ɗaukar kayan ɗaki domin iyalinsa na ƙaura zuwa sabon gida, da dare ya zo fili ya ci Detroit ƙwallo biyar ya taimaka aka ci uku. A 1957 Ted Lindsay na Detroit ya yi ƙoƙarin kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa saboda ba a faɗa musu gaskiyar kuɗin fanshonsu, sai shugabannin ƙungiyarsa suka sallama shi ga Chicago, wadda a lokacin take can ƙasan teburi. Sai a 1967 ƙungiyar 'yan wasan ta tsaya da ƙafarta. Shi dai wannan Lindsay, da aka zaɓe shi cikin zauren gwanayen wasan a 1966, ya ƙi halartar liyafar saboda ba a yarda mata su shiga ba, alhali matarsa da 'ya'yansa ne suka sha wahalar shekarunsa na wasa tare da shi.

Yau abin ya canza sosai: mafi ƙarancin albashi a NHL a kakar 2024 zuwa 2025 dala 775,000 ne a shekara. Amma ƙungiyoyin 32 ne kawai, kuma kimanin yara 224 ake zaɓa a kowace shekara daga duniya duka, yawancinsu kuma ba sa samun gindin zama a babbar gasar. A ƙarƙashinta akwai gasar AHL, inda albashi ya ragu ninkin-ba-ninkin, a ƙarƙashin wannan kuma akwai ECHL, inda ake biyan 'yan ɗaruruwan daloli a mako, ƙungiya ta ba mutum ɗakin kwana. Ana iya kiran ɗan wasa da safe a ce an sauke shi ko an musanya shi da wani, ya kama hanyar wani gari kafin yamma, ya bar matarsa da ɗaure kaya da neman wa yara sabuwar makaranta. Misalin irin wannan rayuwa ya shafe mu kai tsaye. Ɗan asalin Najeriya na farko da aka haifa a gida ya kuma buga NHL shi ne Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya a 1975, ya tashi a ƙaramin garin Hearst da ke arewacin lardin Ontario. Buffalo Sabres ta zaɓe shi a 1994, ya buga wa New York Rangers da Atlanta Thrashers, jimillar wasanninsa a NHL 69, sauran shekarunsa masu yawa kuwa a ƙananan gasanni da ƙungiyoyin Turai ya yi su. Idan ana maganar ainihin rayuwar ƙwararren ɗan hoki, ta Ndur ta fi kusa da ta mafi yawansu fiye da ta Gretzky.

Akwai ma ranakun da ratar da ke tsakanin tauraro da talaka ke rufewa gaba ɗaya. Da yake gola biyu kawai ƙungiya ke shiga wasa da su, an daɗe ana ajiye wani ɗan gari a filin wanda zai shiga raga idan duka biyun sun ji rauni, ko da na baƙi ne. A watan Maris na 2018 hakan ya faɗa kan Scott Foster, akanta mai shekara 36 wanda ya taso daga ofis a ranar. Ya tsaya wa Chicago Blackhawks na kimanin minti 14, ya tare duk bugu bakwai da aka yi masa. Ranar 22 ga Fabrairu, 2020 kuma aka kira David Ayres, mai shekara 42, ma'aikacin filin wasa da aka sani da tuƙa motar gyaran ƙanƙara, wanda aka yi wa dashen ƙoda a 2004, mahaifiyarsa ce ta ba shi tata. Ya shiga ragar Carolina Hurricanes a gidan Toronto Maple Leafs, ƙungiyar da yake taimaka wa wajen atisaye. Bugu biyu na farko suka wuce shi suka shiga raga. 'Yan Carolina, waɗanda ba su taɓa sanin sa ba kafin daren, suka riƙa zuwa suna kwantar masa da hankali, suka kuma tsaya kai da fata suna tare faifan da jikinsu kafin ya iso gare shi. Ya tare takwas da suka biyo baya, Carolina ta yi nasara da 6 da 3, kuma da ya shiga ɗakin canza kaya suka yi masa wanka da ruwan gorunansu suna kiran sunansa.

Cikin taurari, wanda nake yawan kawowa misali shi ne Jarome Iginla, ba don mahaifinsa Bayarabe ne ɗan Najeriya kawai ba. An haife shi a Edmonton a 1977, iyayensa suka rabu yana jariri, ya tashi a hannun mahaifiyarsa da kakanninsa na wajen uwa. Ya zama kyaftin ɗin Calgary Flames, ya ci ƙwallo 625 a NHL, ya ci zinaren Olamfik sau biyu, kuma mutum ne da ba ya gudun faɗa idan an taɓa abokinsa. A lokacin Olamfik na 2002 a Salt Lake City ya haɗu da wasu magoya baya huɗu 'yan Calgary, ya gane cewa a mota suke kwana saboda ba su samu masauki ba, sai ya nema musu ɗaki a otal ya biya daga aljihunsa bai yi shela ba. Shekaru da yawa kuma yana ba da dala 2,000 a kan kowace ƙwallon da ya ci ga wata gidauniya mai biya wa 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗin shiga wasanni. Bai taɓa cin Kofin Stanley ba. A 2004 ya kai wasa na bakwai na ƙarshe, Tampa Bay ta doke su.

Kofin kansa yana da al'adar da ban san irinta a wani babban wasa ba. Gwamna Janar na Kanada, Lord Stanley, ya ba da shi a 1892, ana zana sunayen 'yan wasan da suka ci a jikinsa, kuma tun 1995 kowane ɗan ƙungiyar da ta yi nasara ana ba shi kofin ya wuni da shi inda ya ga dama. Mafi yawansu garinsu suke kai shi, wurin tsohon koci, ko asibitin yara, ko gidan kaka. Nazem Kadri, wanda iyalinsa 'yan asalin Labanan ne, shi ne Musulmi na farko da ya ci kofin, a 2022 tare da Colorado. Hanyarsa ba ta zo da sauƙi ba, kuma shi ma ba a rasa shi da laifi ba, domin sau uku ana dakatar da shi a wasannin fidda gwani saboda mugun karo. A wasanninsu da St. Louis a shekarar ya yi karo da golansu, golan ya ji rauni, sai saƙonnin zagi na wariyar launi da ƙin Musulunci, har da barazanar kisa, suka yi masa yawa har 'yan sanda suka shiga maganar. A wasa na gaba ya ci uku shi kaɗai. A zagaye na gaba babban yatsansa ya karye aka yi masa tiyata, ƙasa da mako uku ya dawo ya ci ƙwallon da ta raba gardama a wasa na huɗu na zagayen ƙarshe. Da ranarsa ta zo, 27 ga Agusta, 2022, masallacin garinsu, Landan ta lardin Ontario, ya fara kai kofin.

Labarin yatsan Kadri shi ne mashigar ɗaya ɓangaren, wanda ba na so a karanta wannan amsa a tsallake shi. A hoki, yin wasa da rauni abin alfahari ne, kuma ana ɓoye shi. A wasan ƙarshe na 2013, Patrice Bergeron na Boston Bruins ya buga da karyayyen haƙarƙari da gocewar kafaɗa, bayan an tashi aka gano huhunsa ya huje aka kwantar da shi a asibiti. Willie O'Ree, baƙar fata na farko a NHL, wanda ya fara buga wa Boston ranar 18 ga Janairu, 1958, faifai ya riga ya makantar masa da idon dama tun yana gasar matasa, ya ɓoye wa ƙungiyoyi domin da sun sani da ba su ɗauke shi ba. Jama'a na yaba irin wannan jarumtaka, ni ma ina girmama ta, amma yaro ɗan shekara 17 da ya ji waɗannan labarai abin da yake koya shi ne kada ya gaya wa likita kansa na juyawa.

Faɗan da ka gani a bidiyo daga nan ya fito. A NHL hukuncin dambe a fili zaman minti biyar ne a waje, kuma an daɗe ana ganin cewa tsoron naushi ke hana mugu ya yi wa gwani ƙeta. Don haka ƙungiyoyi suka riƙa ɗaukar wasu ƙarti waɗanda aikinsu kare abokai ne kawai. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, waɗannan mutane sukan fi kowa laushin hali a wajen fili, su ne kan gaba wajen ziyarar asibiti, kuma da dama cikinsu sun faɗa bayan sun yi ritaya cewa ba sa iya barci a daren da suka san gobe akwai faɗa. Derek Boogaard ya buga wasa 277 a NHL, ƙwallo uku ya ci, amma ya tara minti 589 na hukunci. Ya rasu ranar 13 ga Mayu, 2011 yana da shekara 28, sakamakon haɗuwar barasa da maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi wanda ya kamu da jarabarsa wajen jinyar raunuka, kuma masu bincike a Jami'ar Boston suka gano ƙwaƙwalwarsa ta kamu da CTE, lalacewar da ke biyo bayan yawan buguwar kai. Kafin ƙarshen watan Agustan shekarar, wasu masu irin aikinsa biyu, Rick Rypien mai shekara 27 da Wade Belak mai shekara 35, su ma sun rasu, dukansu kuma sun yi fama da ciwon matsananciyar damuwa. A 2018 NHL ta sasanta ƙarar da tsofaffin 'yan wasa fiye da 300 suka shigar kan raunin kai da kusan dala miliyan 19, ba tare da ta amsa laifi ba. A ra'ayina wannan kuɗi bai kai ko kusa da abin da mutanen nan suka rasa ba.

Shirun bai tsaya ga ciwon jiki ba. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene a 1989, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Yukiren, yana ɗan shekara 16 a ƙungiyar matasa ta Windsor a 2005 ya ƙi yarda da al'adar wulaƙanta sababbi, inda ake tuɓe yara a cusa su cikin ɗan banɗakin bas. Daga baya wani babba a ƙungiyar ya buge shi da sanda a baki wajen atisaye ya zubar masa da haƙora, kuma shi da aka zalunta shi aka riƙa yi wa kallon mai taurin kai. Sai a Nuwamba 2019 ya bayyana cewa wani kocinsa a gasar AHL, Bill Peters, ya yi masa zagin wariyar launi shekara goma da suka wuce. Cikin 'yan kwanaki Peters ya ajiye aikinsa na kocin Calgary. Akwai abin da ya fi wannan muni. Sheldon Kennedy ya yi shekaru yana ɓoye cewa kocinsa na gasar matasa ya ci zarafinsa ta hanyar lalata, har sai da ya kai ƙara aka ɗaure kocin a 1997. A 2021 kuma bincike ya nuna cewa shugabannin Chicago Blackhawks sun ji koken ɗan wasansu Kyle Beach kan irin wannan ta'asa a 2010, suka jinkirta ɗaukar mataki domin suna tsakiyar neman kofi. Babban manajan ya sauka, aka ci ƙungiyar tarar dala miliyan biyu. Yaron da aka raba da iyayensa yana ɗan shekara 16, aka koya masa cewa ƙungiya ce gaba da komai kuma koci ne ke riƙe da makomarsa, ba shi da wurin kai kuka.

Dole kuma a faɗi cewa wani ɓangare na sauƙin kan koyarwa ce, kuma ana hukunta wanda ya kauce mata. P.K. Subban, baƙar fata kuma gwanin mai tsaron baya, ya yi alkawarin tara dalar Kanada miliyan 10 ga asibitin yara na Montreal a 2015, yana kuma yawan zuwa duba marasa lafiya da kansa, amma bai tsira daga sukar cewa yana da rawar kai da son a gan shi ba, saboda yana murnar cin ƙwallo a fili yana sa tufafi masu ɗaukar ido. A shekarar da ta biyo baya Montreal ta musanya shi da wani. Haka nan kada a ɗauka sauƙin kai na nufin 'ya'yan talakawa ne. Kayan wasan da kuɗin tafiye-tafiye sun yi tsadar da yau mafi yawan masu kaiwa sama daga gidajen masu rufin asiri suke fitowa.

Abubuwa na sauyawa, ko da yake a hankali. Faɗa ya ragu ƙwarai a NHL, masu aikin dambe zalla sun kusa ɓacewa, kuma gasar matasa ta lardin Quebec ta fara korar duk wanda ya yi faɗa daga wasa tun 2023. A 2018 gola Robin Lehner ya fito fili ya yi bayanin ciwon taɓin hankalinsa da shaye-shayen da ya yi fama da su, a shekarar da ta biyo baya aka ba shi kyautar juriya ta Bill Masterton. A Oktoba 2021 Carey Price, 'yan watanni bayan ya kai Montreal wasan ƙarshe, ya ajiye wasa ya shiga shirin taimakon 'yan wasa saboda matsalar barasa, kuma abokan wasansa da 'yan kallo suka mara masa baya a fili, abin da da wuya ya faru shekara ashirin kafin nan.

Kayan kariya ma sai an yi rashi ake karɓar su. Shi Masterton da ake ba da kyauta da sunansa ya rasu ne a Janairu 1968 bayan kansa ya bugi ƙanƙara a wasan Minnesota North Stars, ba hular kwano a kansa, amma sai a 1979 aka wajabta hular ga sababbin shiga, tsofaffi kuma aka bar su da zaɓinsu, har na ƙarshensu, Craig MacTavish, ya yi ritaya a 1997 kansa a buɗe. Gilashin kare ido sai a 2013 aka wajabta shi, shi ma ga sababbi kaɗai. Ranar 28 ga Oktoba, 2023, ƙarfen takalmi ya yanki wuyan Adam Johnson na Nottingham Panthers a wani wasa a Sheffield ta Ingila, ya rasu yana da shekara 29. Bayan haka hukumar hoki ta duniya ta wajabta abin kare wuya a gasanninta, AHL ta bi sahu a 2024, ita kuwa NHL ta amince da shi ga waɗanda za su fara wasa a gasar daga kakar 2026 zuwa 2027, waɗanda suka riga suka shiga kuma an bar musu zaɓi kamar yadda aka yi da hular kwano.